Saitin Fijon Ɗanhausa

Tun suna samari Yahuza ke gyara wa Ɗanhausa mota. Tsohuwar Fijo ce ta gado, da ita yake jigilar hatsi daga Mabai zuwa kasuwar Ƙanƙara. Da gona ta gagari nomawa saboda 'yan bindiga, Ɗanhausa ya yanke shawarar kwashe iyalinsa su koma Zariya wurin ɗansa Ubale. Sai dai kabiretar motar ta cinye, irinta kuma ta yi wuyar samu.

Yahuza ya cire ta ya sa injekta, ya haɗa wata 'yar ƙwaƙwalwa da ake saita wa mai da kwamfuta, aikin da ya koyo a Kaduna da furfurarsa. Saitin sai da mutum biyu. Ɗanhausa na tuƙi, Yahuza na gefe da kwamfuta a cinya, yana ƙara mai ko ragewa gwargwadon yadda injin ke amsa totur. Kullum da hantsi sukan hau titi su juyo kafin shingen sojoji, suna hirar mutanen da suka tashi tare.

Ba a daɗe ba hayaƙi ya ɗauke, silo ya zauna, injin ya daina rawa in mota na tsaye. Amma Yahuza ya ce tana shaƙewa a hawa. Da aka wuce wannan, ya ce tana gardamar tashi da sanyin safiya. Kayan Rifkatu, matar Ɗanhausa, na nan ɗaure a tsakar gida.

Rannan ta zo garejin da kanta. Bayan gaisuwa ta ce jikokinta ko ƙarar babur suka ji sai su ruga ɗaki.

"Malam Yahuza, motar nan ta gyaru ko ba ta gyaru ba?"

Ya daɗe yana goge hannu da tsumma. "Ta gyaru."

"Shi ma ya sani," in ji ta. "Ya kasa faɗa maka ne."

Ranar tafiya Yahuza ya naɗe ƙwaƙwalwar da leda saboda ruwa, ya yi ta jaddada wa Ɗanhausa kada ya bar kowa ya taɓa ta. Ɗanhausa ya ce ai zai riƙa kawo motar bayan girbi. Murɗa makulli ɗaya ta tashi.

Bai samu kawo ta ba. Da damina ta zagayo, Ubale ya bugo waya ya ce Baba ya rasu, an binne shi can. Ya tambaya ko Baba Yahuza na son motar, don babu mai tuƙa ta. Yahuza ya ce a bar ta nan, ya dai riƙa tayar da ita jefi-jefi kada batir ya mutu. Ranar tun kafin azahar ya rufe gareji.