Haruffan da Ba Su da Ɗigo

Minnatullah ta haura sittin kafin ta fara zuwa makaranta. A unguwar Hindawiyya, can ƙasar Larabawa, aka haife ta, kuma ita ce babba a gidansu. Lokacin da sa'o'inta suke tafiya aji, ita tana tsakar gida tana daka wa mahaifinta yajin tsiren da yake sayarwa a bakin titi. Ta haddace surori da ka, ta aurar da 'ya'ya, ta iya Larabcin kasuwa kamar kowa, amma ko sunan titinsu ba ta iya karantawa. Da maƙwabciyarta Safara'u ta ce an buɗe ajin manya na mata bayan la'asar, sai ta bi ta.

Karatun bai ba ta wuya sosai ba. Ɗigo ne ya zame mata bala'i. Harafi guda, a sa masa ɗigo a ƙasa ya zama ba, a sa biyu a sama ya zama ta. Takan manta su, ko ta zuba su inda ba nan ba. Malamarsu, wadda suke kira Abla, ba ta faɗa, sai dai ta zagaye wurin da jan biro ta yi murmushi. Murmushin nan ya fi faɗa ciwo.

Ranar wata Alhamis, Nora, ɗiyar ƙaninta mai karatun tarihi a jami'a, ta zo daga unguwar Zahir ta same ta tana tsinke ganyen mulukiyya, wato lalo.

"Gwaggo, yau ba aji?"

"Halas, shi ke nan, na bar shi. Kaina ya bushe, Nora. Abin yara ne wannan."

Nora ba ta yi musu ba. Ta zauna ta ja tire, suka ci gaba da tsinka tare. Can sai ta ciro waya ta nuna mata hoton wani abu mai kama da waina.

"Meye wannan? Gurasa ce ta ƙone?"

"Allon ɗan makaranta ne, na yumɓu. A ƙasar Iraƙi aka tono shi, tun zamanin Babila. Game da shi nake rubutun jarrabawata. Malam ya rubuta a gefe ɗaya, yaro ya juya ya kwaikwaya a ɗayan. Kin ga na yaron yadda ya karkace?"

Minnatullah ta ƙanƙance ido ta duba. "Kowa da kowa ke zuwa makarantar?"

"A'a. Galibi 'ya'yan manya ne, 'ya'yan marubutan fada da masu hali. A Masar ma kusan haka. Ɗan manomi sai gona. Mata kuwa ƙalilan ne suka samu."

"To ashe ba a kaina aka fara ba," in ji Minnatullah, ta mayar mata da wayar.

"Ran Asabar zan je wani kwari in ɗauko hotunan rubutun kan duwatsu. Ki raka ni mana, Baba ba zai bar ni in je ni kaɗai ba."

Da sassafe suka fita a motar Nora, da shayi a fulas da gurasar tamis mai zafi da dafaffen wake, wato ful. Lokacin sanyi ne, iska tana da daɗi. Suka bar gari ta arewa, gidaje suka ragu, suka sauka daga kwalta zuwa wani kwari da Nora ta ce tsohuwar hanyar alhazai ce. Babu kowa sai awaki da 'yan itatuwan ƙaya.

Nora ta yi gaba tana ɗaukar hoto. Minnatullah ta biyo ta a hankali tana dafa duwatsu, har ta tsaya gaban wani baƙin dutse mai faɗi domin ta huta. A jikinsa akwai zane fari-fari, kamar an yi da ƙusa. Ta daɗe tana kallo. Wannan tsayayyen ai alif ne. Ga lam biyu. Ga ha, ga mim.

"Allahumma," ta faɗa a hankali. Sai ta ɗaga murya. "Nora! Zo nan. Allahumma aka rubuta, ko idona ne?"

Nora ta dawo da gudu. "Shi ne, Gwaggo. Ci gaba."

Ta bi kalma ta biyu da yatsa ba tare da ta taɓa dutsen ba. Ta gwada sau biyu ba ta fito ba, amma bakinta ya san abin da yake biyo wa Allahumma. "Igfir. Allah ka gafarta." Ta matsa kusa, ta sake dubawa, ta juyo. "Ina ɗigon? Gain ɗin nan ba ɗigo. Fa ɗin ma babu."

"Ba sa sawa sosai a lokacin. Rubutun nan ya fi shekara dubu. Sai daga baya ɗigo ya zama dole."

Minnatullah ta fashe da dariya har ta riƙe ƙugu. "Wallahi na makara da haihuwa. Da a zamaninsu na zo, ni ce ta ɗaya a aji."

Suka tsaya kan sunan mai rubutun. Nora ta ce Jabir ne, sannan ta ce wataƙila Jubair, don dutsen ya ɓare a tsakiyar kalmar. Layin kuwa ya fara a miƙe ya gangara ƙasa, kuma akwai harafi ɗaya da aka manta aka maƙala shi a sama.

"Wannan ba ɗan fada ba ne," in ji Minnatullah.

"Ba mamaki matafiyi ne, ko mai raƙuma. Shi ya sa nake son wurin nan. Ba mu san inda ya koya ba, amma ya koya."

"Ko wa ya koya masa, Allah ya saka masa." Ta ɗaga hannu ta yi wa mutumin addu'ar da ya roƙa, Nora ta ce amin.

Suka shimfiɗa darduma a inuwar dutsen suka karya. Minnatullah ta ci tamis da yawa fiye da yadda ta saba. Tana shan shayi tana waiwayen rubutun, tana tambayar Nora ko yaran Babila ma ana dukansu in sun yi kuskure. Nora ta ce ana yi, har sun rubuta ƙorafi a kai. Rana ta fara zafi kafin su tashi.

Ran Lahadi ta koma aji. Ta ba Abla labarin, ta nuna mata hoton da Nora ta tura mata. Abla ta sa ta tsaya a gaban allo ta karanta wa sauran, matan suka yi ta miƙa wayar hannu zuwa hannu, kowacce na neman harafin da ta sani.

Kafin sanyi ya wuce, ajin ya ɗauki ƙaramar bas suka je kwarin gaba ɗaya, Nora na gaba tana nuna wa direba hanya. Safara'u ta ce gwiwarta ba za ta iya hawa ba, ta zauna a inuwa tana gadin fulas-fulasan shayi.

"Ku karanta da ƙarfi!" take kira musu. "Ni ma ina ji daga nan."

Minnatullah ce ta tsaya gaban dutsen ta karanta mata.