Haƙori da 'Yar Rakiya

Likitar haƙori ta cire safar hannunta ta ce, "Haƙorin ya kwanta cikin ƙashi, sai mun sa ki barci kafin mu cire shi. Wa zai raka ki gida?"

Na ce, "Ƙafafuna."

Ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce ƙa'idarsu ke nan, wanda aka yi wa allurar barci ba ya fita shi kaɗai. In babu ɗan rakiya, babu aiki. Ga kumatuna ya kumbura kamar na cusa ƙwallo, ga jarrabawar baki tana tafe mako mai zuwa, wadda in na faɗi sai na maimaita shekara.

Shekarata ta biyu ke nan a ƙasar waje ina karatun injiniyan ruwa. Ranar da zan taso kawuna ya ce ba zan ga ƙarshen zango ɗaya ba zan dawo da kuka. Tun daga nan na rantse ba mai jin na ce wayyo. Ni na ja akwatina zuwa hawa na huɗu, ni na koyi hanyar bas, ni na yi jinyar kaina lokacin sanyi. Daga aji sai laburare, daga laburare sai ɗakina mai gado ɗaya da taga mai kallon wurin ajiye motoci. Makina ya fi na kowa. Ban taɓa lura cewa babu wanda ya san lambar ɗakina ba.

Na kira Yaya, babbar 'yar gidanmu.

"Ke 'yar boko, duk ajin naku babu mutum ɗaya?"

"Akwai mutane, Yaya. Roƙo ne ba na yi."

"To ki ce wa digirin ya raka ki mana. Kin tuna da Auta ta yanke a yatsa? Gidan gaba ɗaya muka tafi asibiti, har mai gadi ya kore mu."

"Kada dai ki gaya wa Umma."

"Ba zan gaya mata ba. Amma wannan taurin kan naki ma ki ce su cire shi tare."

Na kurkure baki da ruwan gishiri, na zauna zan gwada amsa tambayoyin jarrabawa da murya. Bakin ya ƙi buɗuwa. Ina zaune riƙe da kumatu sai na ji tari ta bango.

Mai Tari nake kiranta a raina, ɗalibar ɗakin da ke manne da nawa. Na san tarinta, na san ƙarar agogonta, na san yadda take jan kujera, amma ban san abin da take karanta ba. Sau ɗaya muka taɓa magana, ranar da ta ƙwanƙwasa ta ce muryata ta yi yawa a waya. Na ce mata haka muke magana a gidanmu, na rufe ƙofa. Tun ranar ko a kicin muka haɗu kowa tukunyarta take kallo.

Na daɗe tsaye a ƙofarta kafin na ƙwanƙwasa.

Ta buɗe, ta dube ni. "Wannan fuskarki ce ko aro kika yi?"

"Ina neman mai raka ni wajen likita gobe da safe. In ba za ki iya ba ki ce a'a, ba mutuwa zan yi ba."

"Haka ake neman taimako a gidanku?"

"A gidanmu ba a nema. Sai dai ki ga mutane."

"Ina da aji gobe."

Na juya, kunnuwana suna zafi. Har na kama hannun ƙofata ta ce, "Ajin ma ba daɗi. Ƙarfe nawa?"

Da na farka daga allurar, bakina cike da auduga, na hango ta a bencin jira, rigar sanyina da jakata a kan cinyarta, tana karatu. Benci ne dogo da zai ɗauki Umma da Yaya da Auta da gwaggona har da maƙwabciyarmu. Ita kaɗai ce a kai, a can ƙarshe. Hawaye suka zubo min. Maganin ne, likita ma ta ce yana sa haka.

A bas ta riƙe hannun rigata don kada na kife.  Da muka iso ta buɗe min ɗaki ta miƙo makulli.

"In jinin bai tsaya ba ki buga bango."

Ban buga ba. Na kwanta ina haɗiye ɗaci, ina jin ta tana jan kujera. Kumburin ya sauka, na shiga jarrabawa na ci, kawuna ya ji labari. Ba mu zama ƙawaye ba. Ta kan ɗaga min kai a kicin, na ɗaga mata.

Kwanaki Auta ta kira, ita ma tana son fita karatu, wai wace irin rigar sanyi za ta saya. Na ce riga tana kasuwa, ta fara sanin wanda ke bayan bangonta. Ta ce na cika magana a dunƙule.

Muna cikin wayar tarin ya taso, mai tsawo, irin wanda ban saba ji ba. Na ajiye wayar na buga bango.

Can na ji muryarta. "Ina raye. Ki rage murya."