Ɗakin da Surajo Ya Toshe

Surajo mai gyaran kwamfuta ne a wani rukunin shaguna da ke Garki, Abuja. Shekararsa goma sha ɗaya a sana'ar, tun barowarsa Zariya, kuma duk layin an san shi da natsuwar hannu. Abdulhakim da gyara ya fara zuwa shagon, daga baya ya zama aboki. Injiniya ne a wata ma'aikatar tarayya, Bakatsine mai yawan dariya, wanda aikin ofis bai taɓa isar kansa ba.

Akwai wani wasa da ya shiga ran Abdulhakim. Wasu mutane ne a ƙasashen duniya suke tilasta wa kwamfuta gudun da ya wuce wanda masu ƙera ta suka yanka mata, su auna, su ɗora sakamakon a intanet a ga wanda ya fi. Gudun yana jawo zafi mai tsanani, don haka sai su ɗora kofin tagulla a kan ƙwaƙwalwar na'urar, suna tsiyaya masa ruwan naitirojin, wani ruwa mai sanyin da in ya daɗe a fata ƙona ta yake. Burin Abdulhakim shi ne ya ga sunansa a jerin, da tutar Najeriya a gefe.

Gwajinsa na farko a falo ya yi shi, a watan Yuni, taga a buɗe. Bai yi minti ashirin ba babban allon da duk kayan kwamfutar ke zaune a kai, wanda masu gyara ke ce wa bod, ya fara zufa kamar kwalbar lemon da aka ciro daga firij. Ɗigo ɗaya ya gangara inda bai kamata ba, aka ji ƙauri, shi ke nan. Da ya kawo gawar allon shago, Surajo ya juya shi a hasken fitila ya ce ba sanyin ne ya kashe shi ba, raɓa ce. Iskar Abuja a damina cike take da laima, kuma duk abin da ya yi sanyi sai ta kwanta masa. Ya ce in an sayo wani, a bar masa shi.

Kwana uku Surajo ya yi a kan sabon allon. Ya bi ƙananan ƙafafun ƙarfen da ke bayansa da jan farce marar launi, har shafi biyu. Ya cike gewayen mazaunin ƙwaƙwalwar da robar gogewa ta masu zane, mai laushin nan kamar danƙo, yana danna ta da tsinken sakace don kada a bar kafar da iska za ta laɓe. Ramukan da ba za a saka komai ba ya cusa musu basilin. Ya yanka soso ya shimfiɗa a ƙasa, ya naɗe kofin tagullar da tishu. Nafeesa, matar Abdulhakim, ta yi ta tsokanarsu cewa kwamfuta ta fi ta samun kwalliya a gidan.

Amma hankalin Surajo bai kwanta ba, don watan Agusta ne, ruwa ba ya ɗaukewa. Shi ya ba da shawarar a bar falo a koma ɗakin ajiyar da ke bayan gidan, ɗan ƙarami mai taga ɗaya da na'urar sanyaya ɗaki. Ya rufe tagar da leda ya bi gefunan da salatif. Akwai wata kafar shan iska a sama kusa da silin, ya hau kujera ya toshe ta da soso. Ƙasan ƙofa kuma ya tanadar masa tsohon tawul. Da ya gama, ya tsaya a tsakiyar ɗakin yana jin daɗin aikinsa.

Ruwan naitirojin ɗin daga wata gonar shanu ta wajen Yangoji aka samo, inda suke adana maniyyin bijimai da shi. Wani ma'aikacin gonar mai suna Thaddeus ne ya ɗora musu tulun ƙarfen da ruwan ke ciki a bayan mota ranar Juma'a da yamma. Ya ɗaure shi da igiya, sannan ya leƙo ta taga ya ce wa Surajo, da Hausarsa ta wanda ya koya a kasuwa: "Oga, kar ka rufe gilas har ka kai gida. Wannan abu ba ta da wari, ba ta da kala, amma tana kore iska. Mutum ba zai sani ba." Surajo ya bi maganar. Ya tuƙo har Garki gilas a sauke, ruwan sama yana jiƙa masa kafaɗa. Da suka sauke tulun lafiya, a ransa an gama da gargaɗin, tunda na mota ne.

Ranar Asabar da hantsi suka fara. Nafeesa ta tafi suna unguwar Apo da ƴarsu Zulai, ba kowa a gidan. Abdulhakim yana gaban allon kallo yana ƙara gudu kaɗan-kaɗan, Surajo yana tsiyaya ruwan daga ƙaramin filas, farin hayaƙi yana malalowa daga tebur yana kwanciya a ƙafafunsu. Komai ya tafi daidai. Lokaci-lokaci Surajo yakan sa yatsa ya shafa gefen allon, ya ji shi a bushe. Wajen ƙarfe ɗaya suka wuce lambar da Abdulhakim ya daɗe yana nema, ya buga tebur yana dariya, ya ce saura ƙiris su shiga cikin ɗari na farko.

A nan ne Surajo ya ji kansa ya yi nauyi, yana hamma a kai a kai. Ya ɗauka yunwa ce, don bai karya ba. Abdulhakim ma ya ce barci yake ji, amma ba zai tashi yanzu ba. Tishun da ke kan kofin ya jiƙe, wanda suka tanada kuma ya ƙare, sai Surajo ya ce bari ya je bakin titi ya sayo, ya haɗo musu da abin taɓawa.

"Ka ja ƙofar da kyau, Malam Surajo," in ji Abdulhakim, bai ko waiwayo ba. "Kar laima ta shigo ta ɓata mana aiki."

Surajo ya ja ƙofar. Ya durƙusa daga waje ya tura tawul ɗin da yatsu har ya cike ƙasanta tsaf.

Bai kai bakin get ba ya ji kansa ya washe. Ya lura da haka, har ya ce a ransa iskar waje daɗi gare ta, ya wuce. Shagon farko babu tishu, sai da ya ƙarasa na biyu. Ruwa ya sauko, ya fake a rumfar mai ƙosai. Wani da ya san shi ya tare shi da zancen wayarsa da ta ƙi caji, ya tsaya ya duba masa. Da ya dawo, fiye da rabin awa ta wuce.

Ya yi sallama a ƙofar ɗakin, shiru. Ya tura. Abdulhakim yana kwance a ƙasa ta gefe, kujera ta kife, babban tulun ya faɗi bakinsa a buɗe, ƙasan ɗakin ya yi fari da ƙanƙara. Surajo ya faɗa ciki ya sunkuya kansa, ya ja numfashi biyu, sai gabansa ya yi duhu, ya zube. Da rarrafe ya fito. A nan, kwance a kan siminti cikin ruwan sama, maganar Thaddeus ta dawo masa gaba ɗayanta. Ya cika ƙirjinsa da iska, ya riƙe, ya koma ya jawo abokinsa ta ƙafafu.

Maƙwabta ne suka taimaka aka kai shi asibiti. Likitan ya sa Surajo ya ba shi labarin daga farko, yana saurare bai katse shi ba. Da aka zo kan taga da kafar silin, sai ya ajiye biro ya dube shi. Ya ce ruwan nan in ya koma iska yana ninka kansa sau ɗaruruwa, ya ture wadda mutum ke shaƙa, kuma ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin iska na mintuna masu yawa.

Kwana goma sha ɗaya Abdulhakim bai farka ba. Da ya buɗe ido, ɓarinsa na dama ba ya motsi, magana kuma ta tafi, sai wani sauti daga maƙogwaro. Ƴan'uwa suka zo daga Katsina. Wasu suka ce hawan jini ne, wasu suka ce ɗakin ne ba lafiya ba. Yayansa, Alhaji Saleh, ya ce ƙaddara ce, har ya riƙe hannun Surajo yana yi masa godiya da ya fito da shi. Surajo ya karɓi godiyar kansa a ƙasa.

Shi aka sa ya kwashe kayan ɗakin. Ya ɓare robar da basilin ɗin ya duba allon a haske, saboda hannunsa ya saba. Ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba. Ya sa shi a kwali ya tura ƙarƙashin tebur.

Yana yage ledar taga Nafeesa ta zo ta tsaya a bakin ƙofa. Ta rame, idanunta sun faɗa. Ta daɗe tana kallon soson da ke sama kusa da silin.

"Malam Surajo, wa ya toshe wancan?"

"Ni ne, Maman Zulai."

"Shi ya sa ka?"

"A'a. Shawarata ce. Kuma an gaya mini abin yana kore iska, tun ranar Juma'a. Ban kawo ɗakin a raina ba. Da zan fita ma ni na toshe ƙasan ƙofa."

Ba ta yi kuka ba. Ta ce ta ji. Ta ce ba za ta gaya wa Alhaji Saleh ba, don ba abin da zai gyara, amma kada ya nemi ta ce ta yafe, ba ta da wannan a yanzu. Har ta juya, sai ta tsaya ta ce jibi za a sallamo Abdulhakim daga asibiti, ita kuma ba ta iya ɗaga shi, ƴan'uwa duk za su koma.

Daga ranar, kullum bayan La'asar Surajo yakan rufe shago ya tafi gidan. Ya ɗaga Abdulhakim ya kai shi banɗaki, ya yi masa wanka, ya murza masa hannun da ya mutu kamar yadda aka nuna musu a asibiti, ran Juma'a ya yi masa aski. Nafeesa takan ajiye ruwan zafi a ƙofa ta koma ciki. Ban da gaisuwa, ba abin da ke haɗa su. Wani lokaci Abdulhakim yakan kafe shi da ido har Surajo ya rasa inda zai sa nasa, bai kuma san ko ya gane shi ba.

Bayan wata biyar, da likitoci suka ce abin da zai dawo ya riga ya dawo, dangi suka yanke a mayar da shi gida Katsina. Da safe aka loda kaya. Surajo ne ya ɗauko shi ya zaunar a kujerar baya, ya gyara masa matashi, ya ɗaura masa bel. Zai janye jikinsa sai Abdulhakim ya damƙe masa riga da hannun hagu, bakinsa yana motsi, sautin yana fita a karkace. Surajo ya kai kunnensa kusa. Ya yi ta saurare, bai gane ko kalma ɗaya ba. Alhaji Saleh ya ce rana tana yi, hanya da nisa. A hankali Nafeesa ta zare yatsun mijinta daga rigar, ta ja ƙofa.

Surajo ya tsaya har motar ta sha kwana. Sannan ya taka zuwa shago, inda ya tarar da wata mata zaune a benci tun ɗazu, da kwamfutar da ta ƙi kawo wuta.