Kunnen Inna Barira

Daga Kura har Bunkure, macen da za ta sayi tukunyar ƙarfe sai ta nemi surukata, Inna Barira. Sau ɗaya take ƙwanƙwasa tukunya da makulli, ta karkata kai, ta ce "ɗauki" ko "ajiye". Lafiyayya tana jan ƙara, mai tsaga kuwa ƙararta nan take take mutuwa. Shekara talatin ba a taɓa jin zaɓinta ya fashe a kan murhu ba, kuma tana ji da wannan suna fiye da gonarta.

Ni kaɗai na san kunnen nan ya fara tafiya. Ko mijina ban gaya wa ba.

Ranar da abin ya faru, washegari za a yanke mana shinkafa. Mutum ashirin zan dafa wa abinci a bakin gona, ga tukunyarmu ta huje. Muka shiga kasuwa, muka tsaya gaban wani Hambali da ya baza tukwane masu arha, baƙaƙe wuluk, sai sheƙin fenti. Ni dai fentin nan bai kwanta mini ba. Wane mai hankali ne zai yi wa tukunya kwalliya in ba ɓoyon wani abu yake ba?

Kafin mu ankara mata sun kewaye mu, kowacce na jiran bakin Inna.

"Inna, buga son ranki," in ji Hambali.

Ta zaɓi babba, ta ƙwanƙwasa. Ƙwas! Kamar an bugi fasasshiyar ƙwarya. Inna ta karkata kai, ta daɗe, ta sake bugawa. Na ga ba tukunyar take saurara ba, fuskokin mutane take karantawa.

Hambali ya sunkuya, ya yi ƙasa da murya. "Inna, kina jina kuwa?"

Ba ta ko motsa ba. Ya dube ni, na dube shi, ya gane. Sai mugun ya washe baki, ya ɗaga murya har rumfar gaba. "Kin ji ko? Kamar ƙararrawa!"

Wallahi ji na yi kamar in kifa masa tukunyar a ka. In na yi magana, na tsinka uwar mijina a tsakiyar kasuwa. In na yi shiru, gobe tukunya cike da tafasasshen ruwa za ta dare a gaban mutane, kuma matan nan duk irinta za su kwasa su kai gidajensu masu yara. Matan ma sun ji ƙarar, amma wa zai yarda da kunnensa Inna na tsaye?

Inna ta buɗe baki. Na ga "ɗauki" a leɓenta. Sai idonta ya sauka a kaina, ga gumi na zubo mini. Ta kama hannuna ta matse.

"Nafisat, me kika ji?"

"Inna, ba ta jan ƙara," na ce a hankali.

"Ɗaga murya, 'yar nan."

Na rufe ido na faɗa da ƙarfi, "Ƙarar ta mutu, Inna! Da tsaga!"

"To, ajiye." Ta juya ga matan, muryarta ko rawa ba ta yi. "Ni ban ji komai ba. Tun damina ba na ji."

Hambali ya fara rantse-rantse, babu wanda ya kula shi.

Can sai maƙwabciyarmu Hawwa, wadda Inna ta zaɓa wa tukwanen aurenta, ta matso da wata ƙarama da ta ɗauko a rumfar gaba. Ta tsaya jim a gaban Inna. Sannan ta miƙo mini ta saman kafaɗar Inna.

"Nafisat, ɗan buga mini wannan."

Inna ta gyara mayafinta, ta matsa gefe don Hawwa ta samu wuri.