Koren Kofin Scholastica

"Kai ka kashe yarinyar nan, Azariya. Kai!"

Mama Joanna ce ta miƙe a tsakiyar rumfar makoki, tun matan zumunta ba su sauke waƙa ba. Dattijo Azariya, mai jan addu'a a majami'arsu, ya tsaya da baki buɗe.

"Mama, ba nan ne wurin maganar ba."

"Ina ne wurin? Cikin kabari?"

Da safen nan aka binne Scholastica, 'yar Chinwe, maƙwabciyar Joanna, mai sayar da kayan miya a bayan layin dogo. Yarinyar ba ta gama firamare ba maƙoƙo ya fito mata. Ci kamar ƙato, amma sai ramewa take, hannu na rawa, zuciya na bugu har a riga ana gani. Da ƙwayoyi suka kasa, aka tura su wani babban asibiti can nesa, aka ba ta wani magani, aidin, mai ƙone ciwon daga ciki. Likita ya ce na ɗan lokaci kada ta raɓi mai ciki, ga Chinwe da tsohon ciki.

"A kawo mini ita," in ji Joanna a lokacin. "Na gama haihuwa, me ya rage ya ƙone?"

Ta ware mata tabarma da wani koren kofi. Suna hira daga bango zuwa bango, yarinyar tana tsokanarta wai munsharinta ya fi jirgin ƙasa.

Wuya ya saɓe. Amma likita ya ja kunne: abin da aka ƙone yana da aikin da yake wa jiki, yanzu wata 'yar ƙwaya ce za ta riƙa yi, kowace safiya, har ƙarshen rai.

Sai ranar godiya ta zo. Azariya ya zaga da kwando yadda ya saba, duk wanda Ubangiji ya warkar ya jefa maganinsa a ciki.

"Ina wurin!" Joanna ta nuna shi da sanda. "Yarinya ta ƙanƙame robar maganin a ƙirji. Ka ce, 'Wanda ya warke yana shan ƙwaya?' Aka yi ta tafi. Uwa ta ji kunya, ta ɓamɓare mata yatsu."

Chinwe ta dunƙule a kan benci, jariri a baya.

Bayan ranar godiyar nan Scholastica ta fara jin sanyi da tsakar rana. Fuska ta kumbura, mutane na cewa an gode Allah, ta yi jiki. Tana barci a kan tuwo. Joanna ta ce a koma asibiti, Azariya ya ce rashin bangaskiya ne. Da tari ya kama ta, a keke mai ƙafa uku aka ɗauke ta, ba ta sake buɗe ido ba.

"Nufin Allah ne, Mama," in ji Azariya, murya ƙasa-ƙasa.

"Allah bai zaga da kwando ba. Kai ka zaga."

Ta kwance bakin zaninta, ta ciro koren kofin, ta dangwara a kan teburin gabansa. Ta jawo kujera ta zauna, suna fuskantar juna.

"Ga uwar nan. Juya ka gaya mata wa ya ce a jefa. Ina jira."

Ba wanda ya ɗaga waƙa. Ƙuda ya sauka a bakin kofin.