Lambar Maguɗin Khalifa

Ishaq ya riƙe numfashi, ya kwantar da ɗan sojan da ke allon kwamfuta, ya ja shi da ciki ta bayan akwatuna. Tsohon wasa ne na zamanin kaset, wanda Philip ya ɗora wa laftof ɗin shagonsa na cajin waya a Talata Mafara. Dokarsa ɗaya: ka ratsa sansanin abokan gaba ba wanda ya gan ka.

Wata biyu ke nan da Ishaq ya tsere wa 'yan bindiga daga gonarsa ta Faru, da jan ciki cikin dawa. Tun daga ranar ƙarar babur ma sai ta sa ya nemi maɓoya. Dawar ta nuna tana jiran yanka, shi kuwa ya rantse duk ranar da ya ratsa sansanin wasan nan zai koma ya yanke ta.

Khalifa, ɗan mai gidan da shagon yake, ya gaji da jiran layi. Ɗazu da Ishaq ya fita sallar azahar, ya buɗe manhajar wasan ya shigar da wata lambar maguɗi mai makantar da masu gadi.

Mai gadi na farko ya wuce, na biyu ya juya baya. Sojan ya isa ƙofar fita.

Ishaq ya miƙe, hawaye sun jiƙa masa gemu. "Philip, ka gani? Ko ɗaya bai gan ni ba! Ashe ban lalace ba."

Philip, wanda ya ga abin da Khalifa ya yi, ya buɗe baki zai faɗi gaskiya. Khalifa ya take masa ƙafa a ƙarƙashin tebur.

"Kai, gwanin Faru!" in ji Khalifa. "Wanga jan ciki ko kadangare sai ya sara maka. Mi kake jira kuma?"

"Ba komi. Lauje kawai zan saya."

Ya rungume Khalifa, ya yi masa godiya bai san a kan me ba, ya fita yana kiran ɗan acaɓa.

Khalifa ya haye kujerar tun da ɗuminta. Ya kai sojan gaban hancin mai gadi, ya yi ta juya shi kamar mai rawar biki, mai gadin bai ko gan shi ba. Shagon ya kece da dariya.

Philip ya fito bakin ƙofa da lambar Ishaq a wayarsa, zai kira shi ya faɗa masa gaskiya. Ya tuna uban Khalifa ne ke karɓar hayar shagon, ya mayar da wayar aljihu.