Mai Aski da Bishiyar Bakin Taga

Tunda bayansa ya ƙi tsayuwar wuni, Mai Aski ya miƙa wa ƙaninsa mabuɗin shago, ya dawo gida ya addabi kowa. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana juya kawunan manya yadda ya ga dama, yanzu ba shi da abin juyawa sai murfin tukunya. Ya daidaita wa tsintsiya baki, ya rage wa labule tsawo ba wanda ya sa shi, har magen gidan ta ga almakashi ya fara kallonta ta koma kwana a maƙwabta. Da abin ya ishi autarsu, sai ta sayo masa ƙananan gwangwanayen fenti da burushi da wani faffaɗan allon katako, ta ce ya yi ta shafe-shafensa ko mutane sa huta.

Matarsa ce ta ba shi aikin farko. A lokacin idonta ya fara gani dishi-dishi, likita kuma bai ɓoye musu ba, ya ce abin gaba zai yi ta yi. Wata safiya tana zaune a bakin taga ta ce masa:

"Maigida, zana min bishiyar nan. Ka yi ta babba, da ganyenta duka, in gani tun ina iya gani."

Ita ta dasa bishiyar da hannunta shekarar da suka kama gidan. Autar ta sa baki ta ce a ɗauka da waya mana a wuce wurin. Ya galla mata harara, ya ce hoton waya ko akuya ta taka sai ta ɗauka, uwarta kuwa hannunsa ta nema.

Damina ce, bishiya ta yi kore shar. Ya fitar da kujera da allo ƙofar gida ya fara. To, shi Mai Aski bai san wani abu wai shi a shafa a wuce ba. Gashi ɗaya-ɗaya ya saba bi, don haka ganye ɗaya-ɗaya ya bi, har da jijiyoyin bayansa. Kafin ya gama ɓangaren hagu, bishiyar ta sha ruwa ta ƙoshi, ta fitar da wasu sababbin rassa da babu su a allo.

A nan ne aka samu matsala. A shagon aski akwai hotunan kawuna manne a bango. Mutum ya shigo ya nuna wanda yake so, a sassaƙe kansa har ya yi daidai da hoton. Tunda Mai Aski yake bai taɓa ganin an gyara hoto don ya bi kai ba, kai ake gyarawa. Saboda haka ko tunani na biyu bai yi ba, ya aro tsani, ya ɗauko almakashi. Bayan nan nasa da ya ƙi tsayuwa a shago, wallahi ko ƙorafi bai yi ba da aka zo hawa tsani.

Sai da ya ɗaura wa gindin bishiyar farin ƙyalle tukuna, don shi ba ya aikin ƙazanta. Yana yanka yana yi mata hira, yana tambayarta ya gida ya ruwa, in iska ta kaɗa ta ya daka mata tsawa ya ce ta daina motsi kar ya yanke ta. Da ya gama ya zagaya bayanta da madubi ya nuna mata ƙeya. Maƙwabcinsu mai gyaran rediyo, wanda bakinsa ba ya mutuwa, ya leƙo ta katanga ya tambaya ko shi ma ya kawo injin nan nasa na niƙa a yi masa saisaye. Mai Aski ya ce ya kawo kansa dai, ya fi injin buƙata.

Kowace yamma in ya shigo, matar ta tambaya ko an kusa. Amsarsa ɗaya ce, saura gyaran fuska. Haka ya saba faɗa wa masu gaggawa a shago, ko da bai taɓa rabin kan ba.

Ruwa ya ɗauke, ganye ya fara ja da rawaya. Mai Aski ya tsaya ya kama ƙugu, ya ce ai wannan furfura ce, kuma furfura ba baƙuwarsa ba ce, ya rina ta manyan mutane ba adadi. Ya ɗauki gwangwanin kore ya hau tsani ya shiga shafe ganyayen gaske ɗaya bayan ɗaya. Masu wucewa suka riƙa rage tafiya. Wani mai babur ya kusa faɗawa kwata saboda kallo. Kwana biyu bishiyar ta yi ƙyalli kamar sabuwar ƙofa, daga nan duk ganyen da ya sha fenti ya yanƙwane ya faɗo, ya riga 'yan'uwansa ma.

Ya koma ɗinki. Ya kwashe zaren matarsa, ya bi ganyayen da suka zube yana ɗaure su a rassa. Da safe sai ya tarar iska ta kwance rabi, sauran suna lilo a jikin zare kamar shanyar 'yan tsana. In reshen dama ya rasa ganye ya fi na hagu tsiraici, sai ya datse na hagu don su daidaita, sai kuma na hagun ya gajarce, ya koma kan na dama. Duk mai aski ya san inda wannan hanyar take kaiwa, ta haka gashin baki yake ƙarewa gaba ɗaya. Shi ma ya sani sarai, amma hannunsa ya ƙi tsayawa.

Abin haushin, yana can saman tsani bai ga abin da ke faruwa a ƙasa ba. Bai lura matarsa ta fara bin bango da hannu in za ta shiga kicin ba. Bai lura ta daina tambayar zarenta ba, ta daina zama a bakin taga, har tambayar ko an kusa ta daina. Shi a ganinsa haƙuri ta ƙara.

Sanyi ya shigo ya ƙarasa abin da almakashi ya bari. Bishiya ta koma gungume da 'yan guntayen rassa, ba ganye ko na rantsuwa. Mai Aski ya zauna ya dube ta, ya gane ciwon: sanƙo ne. Shi kuwa sanƙo, duk ƙaryar da ya sha yi wa masu shi a shago, ya san ba shi da magani. Ranar ce ya yi abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa, ya gyara hoto ya bi kai. Ya sa reza ya kankare ganyayen allon tas, aikin damina guda, yana yi yana tsaki. Abin da ya rage a allo shi ne abin da ya rage a waje.

Ya ce wa autar zai jingine shi a bayan ƙofa, in bazara ta yi sabon toho ya fito sai ya sake daga farko, wannan karon da sauri. Yarinyar da ba ta taɓa ɗaga masa murya ba ta tsaya a gabansa idonta ya kawo ruwa.

"Baba, don Allah ka kai mata yau. Ko a yaya yake."

Ya ɗauki allon ya shiga ɗaki, kunya kamar ta kashe shi. Matar na zaune a bakin gado. Ya tsaya a gabanta ya riƙe shi da hannu biyu, ya fara shirya bayanin iska da rashin ingancin fentin zamani. Ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo, fuskarta ta washe.

"Kai, Maigida, sannu da aiki," ta ce. "Ji ganye, kamar in miƙa hannu in tsinka."

Ya watsar da bayanin da ya shirya. Ya dubi gungumen da ke allon, ya dubi idanunta, ya ga ba a kan allon suke ba, sun ɗan zarce ta gefen kafaɗarsa. Wani baƙin ciki ya taso masa wanda bai taɓa jin irinsa ba. Da ƙyar ya iya cewa e, sun yi kore sosai bana.

Ta ce ya rataya mata shi a inda za ta riƙa gani. Ya ɗauko guduma ya buga ƙusa a bangon da ke kusa da taga, ya rataya, ya ja baya, ya daidaita shi kamar yadda ya saba daidaita komai. Da ya juyo zai tambaye ta ko ya zauna daidai, sai ya tarar ta fuskanci ɗaya bangon, wanda babu komai a jikinsa, tana murmushi tana gyaɗa kai.

Ya sa bayan guduma ya zare ƙusar a hankali don kar ta ji, ya ɗauki allon ya kai shi can.